Mu takwas ne a gida amma ba mai magana da ni

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya iyali, Allah ya saka maki da alheri bisa yadda kike sauraren matsalolinmu a wannan shafi. Anti na daɗe ina son rubuto maki, sai in fara in goge, in sake farawa in goge, don kunya nake ji kar masu karatu su ce matar da ba ta rasa ci ba ba ta rasa sutura ba me kuma take nema. Amma wallahi abin ya kai mani iya wuya, in ban amayar da shi ba ban san yadda zan yi da zuciyata ba.

Ni matar aure ce a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Marusa muke zaune, shekarata 16 a ɗakin mijina, Allah ya ba mu yara biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake saidawa a babbar kasuwa. Tsakani da Allah ba ya zagina, bai taɓa ɗaga mani hannu ba, ko lokacin da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi ba mu taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi. Matsalata guda ce Anti, ba mai magana da ni a gidan nan. Mu takwas ne amma sai in wuni in kwana ba wanda ya dubi idona ya ce mani wance ya kike, ya gajiya.

Bari in ba ki misali. Alhaji zai dawo bayan isha'i, sallamar ma da waya a hannu yake yin ta. In kawo mashi ruwa, in shimfiɗa leda, in zuba mashi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya da man shanu yadda yake so, abin da tun la'asar nake tsaye a kansa. Sai ya jingina wayar a jikin kular miya, hannun dama na cikin tuwo, ɗan yatsan hagu na tura bidiyo sama, wannan ya wuce wancan ya zo, yana dariya shi kaɗai. Ni ina gefe zaune kamar wadda aka ajiye gadin kwano. In ya gama ya ce alhamdulillahi ya wanke hannu, ba zai ce ya yi daɗi ba, ba zai ce gishiri ya yi yawa ba, ni ko faɗan ne ma ya yi mani ina so. Ranar Talatar da ta wuce na ce mashi Alhaji yau auta ya faɗo daga kan dakali leɓensa ya fashe sai da muka je kemis. Kin san abin da ya ce mani? Ya ce tau madalla. Wallahi Anti tau madalla ya ce, iyafis na kunnensa. Na tashi na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska na fito, bai ma san na tashi ba. Sai da safe da ya ga leɓen yaro a kumbure yake tambaya wai me ya same shi, kuma don me ba a gaya mashi ba.

Kuma da ba haka muke ba, shi ne abin da ya fi ci mani rai. Kafin ya sa mana sola, in an ɗauke wuta tabarma muke fitarwa tsakar gida, kin san zafin Katsina a watan Afrilu ɗaki ba ya zaunuwa. Ya kishingiɗa ya dinga ba ni labarin kasuwa, wanda ya ci bashi ya ɓace, baƙin da suka zo sari daga Maraɗi, yadda shadda ta ƙara kuɗi a Kantin Kwari, yara na gefe Inna na yi masu gatana, mu kai sha ɗayan dare muna hira muna korar sauro da mafici. Na san yaran shagonsa duka, na san wanda ya yarda da shi da wanda yake sa wa ido. Yanzu shekara biyu kenan da ya haɗa solar nan, faranti huɗu da batir biyu, ya sawo ƙatuwar talabijin aka manna a bango aka ɗaura tauraro a kan rufi. Ranar har guɗa na yi, ina kiran 'yan uwa ina cewa mun rabu da duhu, ban san ranar ce hira za ta ƙare a gidana ba. Kwanaki babban yaron shagonsa ya bar aiki, wata ukku ban sani ba, a bakin matar maƙwabcinmu na ji, na rasa inda zan sa fuskata.

Yaran ma Anti kar ki tona. Babban shekararsa 15, ubansa ya ba shi tsohuwar wayarsa, duk 'yan canjin da ya samu wajen masu tura fim a bakin titi suke ƙarewa, in ba ya gidan kallon ƙwallo tau yana ƙuryar ɗaki da abu a kunne, sai na kira shi sau biyar kafin ya ce na'am. 'Yan matan biyu da sun dawo Islamiyya ko hijabi ba su cirewa sai gaban talabijin, fim ɗin Indiya mai fassara daga wannan sai wannan har barci ya kwashe su a kan kujera, in kin ji muryarsu tau faɗan rimot ake. Auta shekararsa ukku, ba ya buɗe baki ya karɓi abinci sai an kunna mashi katun a waya, in aka karɓe ya yi ta birgima. Inna ma, mahaifiyar Alhaji da ta dawo wajenmu tun rasuwar Baba, ta daina fitowa falo, ta ce hasken na damun idonta kuma ba ta gane abin da ake cewa. Tana ɗakinta na bayan kicin da 'yar rediyonta, in na sauke girki in ba yara su kai mata, in kira ta a waya in ji ko ya ishe ta, ita dai ba ta da matsala. Tau kin ga falo cike da mutane, fanka na juyawa, talabijin na ihu, amma ni kaɗai ce.

Har zarginsa na yi Anti, Allah ya yafe mani. Na ce ko wata yake nema, don ba a banza mutum zai kai ƙarfe ɗayan dare hasken waya na haska mashi fuska yana murmushi ba. Wata rana yana wanka na ɗauka na duba, babu mace ko guda, guruf ɗin 'yan kasuwa ne, da na siyasa, da na ƙwallo, da bidiyon malamai suna raddi ga juna. Wallahi sai na ji abin ya fi mani ciwo, da mace ce ai na san inda zan kai ƙara, amma wa zan je in ce wa mijina ya fi son kallon mutanen da bai sani ba a kan ya dube ni? Akwai daren da muna kwance gado ɗaya, bayansa na taɓa bayana, na rubuta mashi saƙo a WhatsApp na ce Alhaji ina kewarka. Ya turo mani sitika mai hoton fure. Bai juyo ba.

Na yi magana, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ya ce ni ban san harkar kasuwa ba, yanzu duk ciniki a waya yake, kwastoma na turo hoto ana tura mashi. Na ce tau ƙwallon fa, ita ma kwastoma ce? Ya ce mutum ya wuni yana surutu da jama'a a kasuwa ya dawo gidansa ba za a bar shi ya huta ba. Na yi kwalliya, na yi lalle, na canza turaren wuta, na yi fushi na kwana biyu ban kula shi ba, bai ma lura ina fushin ba. Na tura wa yayata da ke Ƙofar Ƙaura saƙon murya ina kuka, ta maido mani da cewa in gode Allah nawa yana dawowa gida, wasu sai sha biyu suke baro majalisa. Daga nan ni ma na haƙura na kama tawa wayar, ina guruf na girki, da na matan unguwa, da na 'yan ajinmu na sakandare, ina karanta littattafai har sha biyu, amma da na kashe ta sai in ji ƙirjina wayam kamar ban yi magana da kowa ba.

Anti ki ba ni shawara don Allah. Zuciyata na ce mani in tafi gidanmu Daura in yi sati biyu ko za su san ina da amfani, wani lokacin kuma in ji kamar in jefa wayarsa a randa in ɓoye rimot kowa ya huta. Ni ba kuɗi nake nema ba, ba zani nake nema ba, so nake a yi magana da ni a gidana. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ƙanwarki, uwar yara biyar, daga Katsina.

AMSA

Wa'alaikumussalam wa rahmatullah ƙanwata. Sannu, Allah ya yaye maki, Allah ya ba auta lafiya. Da farko kar ki bari kowa ya ce maki ƙoshi ne ya yi maki yawa, har yayarki. Mace ba akuya ba ce da za a zuba mata dusa a juya baya. Allah da kansa a Suratur Rum aya ta 21 ya ce ya halitta mana abokan zama ne domin mu samu natsuwa a wajensu, ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakani, kuma natsuwa ba ta samuwa wajen wanda aka ce mashi ɗansa ya ji ciwo ya ce madalla. Kin san ni a shafin nan ba na yanke hukunci da jin ɓangare guda, ban ji ta bakin Alhaji ba, don haka ba zan ce wane ne mai laifi ba.

Amma akwai layi ukku a wasiƙarki da kika bi ta kansu da gudu, har kika rufe da cewa "ita dai ba ta da matsala". Ni a nan na tsaya, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Inna tana ɗakin bayan kicin. Ƙanwata taku nawa ne daga murhunki zuwa ƙofar ɗakin nan? Goma? Sha biyar? Kuma kike ɗaukar waya ki kira ta ki ji ko abinci ya ishe ta. Tsohuwar da mijinta ya rasu, ta baro ɗakin da ta yi shekara da shekaru a ciki ta dawo gidan ɗanta, ita ce kika ce tana yi wa yara gatana a kan tabarma, yau abokin hirarta rediyo, abincinta yaro ke dire mata yana sauri kar fim ya wuce shi, gaisuwarta kuma ta waya daga bayan bango. Ke an turo maki hoton fure kin ji kamar ki mutu, ita fa?

Ki sani tsofaffinmu ba sa cewa kun wulaƙanta ni. Kawaici ba zai bar su ba, balle a gidan suruka. Sai su ce ido, su ce ƙafa, su ce barci nake ji. Da Inna ta ce hasken na damunta kuma ba ta gane abin da ake cewa, abin da take gaya maku shi ne ba ta da wurin zama a falon nan. Ke kina da guruf ukku da kike gudu ki fake, kina da yayar da za ki yi wa kuka, kina da ni da kika rubuto wa. Ita ba ta da ko ɗaya, kuma ba za ta taɓa rubuto wa kowa ba. Don haka yau ki yi haƙuri, kujerar da na tanadar maki Inna zan ba. Abin da Alhaji ke yi maki shi kike yi mata, shi ma yana yi mata, kuma yaranki biyar suna gani. Suna koyon yadda ake yi da uwa idan ta tsufa, a hannunki suke koya.

Ban yarda sola ce ta kashe hirar gidanki ba, ban kuma yarda talabijin ce ba. Talabijin ta daɗe a ƙasar nan, a Ibadan aka fara a 1959, ta iso Kaduna a 1962. Lokacin da muke yara, tun kafin a cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987, gida ɗaya ke da ita a layinmu, mai baƙi da fari, kuma sai wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha. Maigidan ya sa a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, mu yaran unguwa mu wanke ƙafa mu jeru a ƙasa, mu fi talatin, manya na baya a kan benci, matan gida na leƙe daga bakin ƙofa suna tsinkar zogale. Wanda ya gane ya fassara wa wanda bai gane ba, a yi dariya tare, gobe a makaranta a maimaita. Wannan akwatin tara mu ya yi. Ko da wayar salula ta shigo a 2001, a ƙarƙashin lema ake zuwa a biya a buga, a gaisa da na nesa a ajiye. Abin da ya canza shi ne da mutum talatin ke kallon gilashi ɗaya, yanzu kowa da nasa a tafin hannu, ya kuma toshe kunne. Kuma waɗannan manhajoji na bidiyo da talla suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewarka gwargwadon ribarsu, shi ya sa suke lura da abin da ka tsaya kallo su ƙaro maka irinsa, kuma ba su da ƙarshe, ba tashar da za ta rera taken ƙasa ta rufe ta ce a je a kwanta. Na faɗi wannan ne don ki san ba ƙinki Alhaji yake ba, abu ne ya kama shi kamar yadda ya kama ki har sha biyun dare. Amma wanda ya san rami ne a gabansa ya ci gaba da tafiya ba zai ce ramin ne da laifi ba.

Kuma ba zan ce a zubar da waya ba, ni ba na cikin masu wannan maganar. Mu a jihar nan mun ɗanɗana rashinta. A watan Satumba na 2021 da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, mun ga mutane na hawo mota su shigo cikin gari don kawai su buga waya su ce muna raye, mun ga uwa ta yi kwanaki ba ta san halin da ɗiyarta ke ciki ba. Wayar ni'ima ce ga wanda ke nesa. Mu ne muka ɗauko abin da aka yi don na nesa muka sa shi tsakaninmu da na kusa.

A nan zan juyo gare ku duka masu karanta shafin nan, don na san da yawa kuna can kuna cewa kai wannan mata ba ta kyauta wa surukarta ba. Ke da kike faɗin haka, yaushe rabonki da taka ƙafa gidan gwaggonki da ke Rafin Daɗi? An yi rasuwa a unguwa, maimakon a ɗauki mayafi a je a zauna da masu makoki, sai a ɗora hoton mamaci a sitatus a rubuta Allah ya jiƙan rai, a guruf mutum hamsin su turo sitika iri ɗaya, shi kenan an yi ta'aziyya. Maƙwabciya ta haihu, barka ta saƙon murya. Gayyatar biki da a da mace ke yawo gida gida da goro da alawa tana faɗa, ta sha ruwa ta ji damuwar gidan, yanzu kati ne ake jefawa a guruf. Ku bi ta majalisun maza bayan magariba ku gani, mutum takwas a benci ɗaya kowa ya sunkuyar da kai fuska na haske. Ciyayyar da iyayenmu maza ke yi a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ba tare da kowa ya gane ba, ina take? Da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ya yi ta kuka, amma ba wanda ya fasa saye, kuma datar da wasunmu ke ƙonawa a wata ta isa kuɗin mota zuwa Daura da dawowa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 da 'yan kai ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a hadisin da Muslim ya ruwaito ya lissafa haƙƙin Musulmi a kan ɗan uwansa guda shidda, ciki har da gaida shi in ba shi da lafiya da raka gawarsa in ya rasu. Ku gaya mani wace waya ce ke raka gawa. Iyayenmu da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san akwai aike, sun san akwai wasiƙa, amma ƙafa suka ce.

Kai kuma Alhaji, ko kai ne ko masu hali irin naka, na ce ba zan yanke hukunci ba amma wannan ba zan iya haɗiye ta ba. Hoton atamfa ake tura wa kwastoma ƙarfe ɗayan dare? Ka ce ka gaji da surutun kasuwa, ai ita ba ciniki take nema ba. Bukhari da Muslim sun kawo yadda Nana A'isha ta zauna tana ba Annabi labarin mata goma sha ɗaya da abin da kowace ta faɗa game da mijinta, hadisin Ummu Zar'in, dogon labari, ya saurara har ƙarshe ya kuma ba ta amsa mai sanyaya zuciya. Shi da ke ɗauke da al'umma gaba ɗaya ya samu wannan lokacin, kai shago guda ya hana ka. Kana sauraren malamai na raddi har tsakar dare, mahaifiyarka na bayan bango ita da rediyo. Aya ta 23 a Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da tir, cewa ta yi idan tsufa ya riske su a wajenka. A wajenka Alhaji. Tsufa ya riske ta, tana gidanka.

Yanzu ƙanwata ga abin da nake so ki yi. Maganar Daura ki ajiye ta, in za ki je ki je gaida iyayenki da izininsa, amma ba yaji ba, don in kin tafi yaran indomi za su dafa su koma gaban talabijin, wadda za ta sha wahalar tafiyarki Inna ce. Wayarsa kuma kar ki taɓa ta, jarinsa na ciki, kin jefa ta a randa kin ba shi abin da zai riƙe a kanki har abada, kuma binciken da kika yi mata ma kar ki sake.

Ki fara da ɗakin bayan kicin. Abincin Inna ke za ki kai da hannunki, ki zauna ki ci naki tare da ita. Daren farko wataƙila ba za ta ce komai ba sai sannu da aiki, kar ki karaya, shekara biyu ba ta warwarewa a dare ɗaya. Ki tambaye ta yadda ake kaɗa miyar kuka a garinsu, ki tambaye ta Alhaji yana yaro wane irin ƙiriniya ya yi. Ki fito da tabarmar nan ki shimfiɗa a ƙofarta bayan magariba ko da akwai wuta, ki ɗauko auta ki ajiye a cinyarta ta ba shi abinci. Zai yi birgima kwana ukku ko huɗu, ki bar shi ya yi, yunwa za ta sa ya buɗe baki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana gaban gilashi, ƙasa da haka ma ya fi, kin ga naki ya wuce gona da iri. Sannan maganar idonta kar ku ɗauke ta duka a matsayin kawaici, tsoho in haske ya fara damunsa yana iya zama yanar ido ce, kuma ana aikinta a warke. Ki sa Alhaji ya kai ta asibitin ido da kansa, ba yaron shago ba.

Yaran kuwa ke ce uwa, ba sai kin ɓoye rimot ba. Ki kafa doka a fili, in an zuba abinci a kashe talabijin, kuma wayar farko da za a kife taki ce, su gani da idonsu. 'Yan matan nan su shigo kicin tare da ke, hira da ɗiya a bakin murhu ake yin ta. Babban kuma ki roƙi ubansa ya dinga tafiya da shi kasuwa ranar Asabar, ya koyi auna yadi, su yi magana a hanya.

Shi Alhaji kar ki ƙara tare shi da dare yana riƙe da waya, a lokacin duk abin da kika faɗa mita zai ji. Ki same shi bayan ya dawo sallar asuba, kafin ya cire ta daga caji, ki kawo mashi kunu ki zauna kusa da shi. Kar ki lissafa mashi laifin shekara biyu, ki ba shi labarin leɓen auta kawai, kalma da kalma, abin da kika ce da abin da ya amsa. Ki ce mashi minti ashirin kike roƙo, lokacin cin abincin dare, a tabarmar ƙofar Inna. Namijin da kika ce bai taɓa zaginki ba, bai bar ku da yunwa ba, ina kyautata zaton zai ji kunya, kuma da wuya ya jingina waya a jikin kula mahaifiyarsa na zaune tana kallonsa.

Gobe da safe kokon Inna ke za ki kai, ki bar wayarki a ɗaki. Bayan sati biyu ki sake rubuto mani, ina son jin abin da likitan ido ya ce, da kuma abin da Inna ta gaya maki.